Funfunar Bangon Banɗakinmu

Gwaggo ce ta fara jin warin. Wata safiya cikin watan Agusta ta fito daga banɗaki da buta a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana yamutsa fuska, ta ce da ni, "Ke 'yar nan, wa ya ajiye tsohon buhu a ciki?"

Na ce babu wani buhu.

Ta ce ita dai ta ji warin buhun gyaɗar da ruwa ya taɓa, kuma hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Na shiga na shaƙi iska, ban ji komai ba sai ƙamshin sabulu. A raina na ce tsufa ne.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu a Tibati ta dawo gidanmu na garin Garwa, gidan da mahaifina ya gina lokacin da kasuwar goro da atamfa take yi da shi. Bayan mahaifin nawa shi ma ya rasu, yayyena maza duk sun yi nisa, wannan yana Duwala, wancan yana Ngawundare, sai suka ce ni da maigidana mu koma gidan don kada a bar tsohuwa ita kaɗai. Maigidan nawa kuwa falken shinkafa ne, rabin shekara a hanyar Maga yake. Saboda haka yawanci mu biyu ne a gidan, ni da Gwaggo, sai yara in ba su tafi hutu wajen kakarsu ba. A wannan daminar sun tafi. Ni malamar firamare ce, makaranta a rufe, ba ni da abin yi sai kallon ruwan sama da sauraron Gwaggo.

Banɗakin nan kuwa abin alfaharina ne, domin shekara guda kafin nan na sa aka gyara shi. Aka sa karo, wato tayil, daga ƙasa har zuwa ƙirji. Daga nan zuwa sama aka shafa fenti mai maiƙo, ruwan madara, mai sheƙi. Aka yi silin. Tsohuwar ƙofar katako, wadda kaza take iya bi ta ƙarƙashinta, na sa aka cire ta aka kafa ta ƙarfe mai rufuwa ruf. Duk baƙuwar da ta shiga sai ta fito tana cewa kamar na otel. Taga ce kawai babu, kuma tun da na yi wayo ban san shi da taga ba. Da rana ma sai an kunna ƙwan lantarki.

Bayan maganar Gwaggo da kwana uku na ga abin. A bangon gabas, sama da inda karo ya ƙare, wasu ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe kamar an yarfa tawada da buroshi. Na sa yatsa na shafa, ya fito da laushi, da ɗan santsi. Na kai hanci. Buhun Gwaggo ke nan.

"Funfuna ce," in ji ta, ko kallon bangon ba ta yi ba. "Ai na faɗa miki."

Na san funfuna a jikin burodi da tuwon da ya kwana biyu. Na san gansakuka a bakin rijiya. Amma funfuna a kan fenti mai tsada, a garin da rana take gasa mutum wata takwas a shekara, wannan ban taɓa gani ba. Na kaɗa garin sabulu a bokiti, na hau kujera da soso na wanke ta tas. Bango ya koma yana sheƙi. Kwana huɗu ta dawo, har da 'yan rakiya.

Gwaggo ta ce a jiƙa toka da kanwa. Na jiƙa, na goge. Ta dawo. Ta ce lemon tsami. Na matse lemo har yatsuna suka yi yaushi, banɗaki ya yi ƙamshi kwana biyu, ta dawo. Sai na tafi kanti na sayo jabel, ruwan nan mai wari da muke sa wa fararen kaya. Shi kam ya burge ni. Ina shafawa baƙin yana ɓacewa a gaban idona, ba sai na dirje ba. Mako guda cur bango fes. Har na yi wa maigidana waya ina ba shi labarin nasara. Ran kwana na tara na ga ɗigo uku a sama, can kusa da silin.

A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Akwai sauran asid a gidan, wanda masu sa karo suka wanke siminti da shi suka bari a wata jarka. Na ce tunda jabel shi kaɗai ya riƙe ta mako guda, in na haɗa shi da asid ai sai ta bar gidan har abada. Da hantsi ne. Na shiga, na turo ƙofa don kada wari ya dami Gwaggo, na zuba wannan a bokiti, na ƙara wancan. Ban kai ga tsoma soso ba na ji kamar an cusa mini barkono a maƙogwaro. Idona ya rufe da hawaye, tari ya sarƙe ni, ƙirjina ya ƙi karɓar iska. Da lalube na sami mariƙin ƙofa. Na faɗo tsakar gida da rarrafe.

Gwaggo tana tsintar shinkafa a tire. Ta watsar da shi ta taso tana salati, ta ja ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba har gindin mangwaro, ta dinga sheƙa mini ruwa a fuska. Na fi rabin awa ina tari. Da na dawo hayyacina ta zauna a gefena tana haki, ta ce, "Kan bango za ki kashe kanki? In kin mutu me zan ce wa mijinki, funfuna ta cinye ta?"

Na yi dariya, dariyar ta koma tari. Da yamma na je asibitin unguwa aka duba ƙirjina, ma'aikaciyar ta yi mini faɗa da Faransanci, ta ƙara da Fillanci don ta tabbatar ya shiga. Kwana biyu banɗakin yana buɗe ba mai shiga, muna wanka a kewayen baya.

Bayan wannan sai na daina yaƙi, na koma kallo. Ban san dalili ba, amma tsoron da na ji ya sa abin ya fara ba ni sha'awa. Mene ne wannan da ba shi da ƙafa ba shi da baki, amma ya fi ni naci? Daga ina yake zuwa? Me yake ci a jikin fenti? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bango huɗu ne a ɗakin, duk ruwa ɗaya suke sha, duk fenti ɗaya, amma ɗaya kawai ta zaɓa.

Malamar makaranta ba ta rasa alli a jaka. Kowace safiya sai in hau kujera in zagaye iyakar baƙin da alli, in sa kwanan wata a gefe. Washegari in zo in ga ta tsallake layin da faɗin ɗan yatsa, in sake zana wani. In an yi ruwa mai ƙarfi, bayan kwana biyu sai ta yi tsalle. In an yi kwana uku ba ruwa sai ta ɗan lafa. Launinta ma ba ɗaya ba ne. Tsakiyar baƙi ƙirin, gefe-gefe kore-kore, can bakin iyaka kuma wani fari-fari kamar gashin jariri. Gwaggo tana ganina a kan kujera da alli sai ta girgiza kai ta ce boko bai yi ba.

Wajen mako uku ina wannan aiki sai na lura da wani abu. Iyakar ɓangaren dama ta daina gaba. Layin allina na jiya da na shekaranjiya da na yau duk wuri ɗaya suke. Bayan 'yan kwanaki ta hagu ma ta tsaya, sannan ta ƙasa. Na sauko daga kujera na ja da baya har bakin ƙofa na duba. Baƙin nan ya zama murabba'i, mai kusurwa huɗu, kamar an sa rula an ja. Tsawonsa bai fi kamu biyu ba, faɗinsa ɗaya da rabi.

Na kira Gwaggo. Ta zo ta tsaya a bayana, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo, fiye da yadda na zata. Sannan ta ce, "Bango ne. Me kike nema a jikin bango?" Ta juya ta koma kan tabarmarta. Ranar ba ta yi mini tsiyar boko ba.

Da aka koma makaranta a watan Satumba na nemi wata ƙawata da muka yi karatu tare, wadda take koyar da kimiyyar halittu a lise, wato makarantar sakandare. Na ba ta labari a waya. Ta ce in manna sikoc, wato salatif, a kan baƙin, in ɓanɓaro in kawo mata. Ranar Laraba da rana, bayan an tashi ɗalibai, na hau mashin na je. Ta buɗe kabad ta fito da madubin nan na ƙara girman abu, ta manna sikoc ɗina a kan ɗan gilashi, ta yi ta murza wani abu a gefe, sannan ta matsa ta ce, "Zo ki ga baƙinki."

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko haske kawai na gani. Sai ga shi. Zare ne, zare bisa zare, sun sarƙe kamar saiwar ciyawa. Daga jikinsu wasu sanduna sun miƙe, kowane da kai a samansa, kan cike da ƙananan ƙwayoyi a jere, kamar zangarniyar gero. Gona ce sosai. Na ɗago na dubi sikoc ɗin da idona, datti ne kawai wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na sake leƙawa. Na fi minti goma a haka, ƙawata tana dariya.

"Waɗannan ƙwayoyin su ne irinta," in ji ta. "Suna cikin iska ko'ina. Yanzu haka muna shaƙar su, ni da ke. Ba daga wani wuri suka zo gidanki ba, dama suna nan. Wuri suke jira."

"Wane irin wuri?"

"Mai danshi, wanda iska ba ta motsi. Abinci kuwa ba ta da zaɓi. Ƙura, kumfar sabulu, dattin jiki da tururi yake ɗauka, duk tana ci."

Na ce to me ya sa jabel ya kashe ta amma ta dawo. Ta ce jabel ya aske mata kai ne kawai, ya kuma cire mata launi, amma zaren yana can cikin filasta inda danshi yake. Ta ce 'yan uwanta ne ake samun wani maganin da likitoci suke bayarwa daga jikinsu, wasu kuma su suke sa wa mai asma tari ba dare ba rana, saboda haka kada in bar tsohuwa tana shaƙa. Da na ba ta labarin asid ta dafe kai ta kira sunan Allah da Faransanci, "Mon Diye! Ke da kike koyar da yara?"

Na tambaye ta batun kusurwa huɗu. Ta ce wannan ba aikinta ba ne. "Funfuna ba ta san rula ba. In ta tsaya a layi, to ruwan ne ya tsaya a layi. Nemi magini."

Maginin da na sani mutum ɗaya ne, wani dattijo da ya taɓa gyara katangar makarantarmu. Kirista ne daga duwatsun bayan Gider. Da damina yana can yana noman dawa a kan tudu, sai an girbe yake saukowa Garwa da jakar kayan aikinsa. Dole na jira shi har Nuwamba. Kafin nan ruwa ya ɗauke, baƙin ya bushe ya koma toka-toka, amma murabba'in yana nan da layukan allina kewaye da shi.

Ya zo wata ranar Litinin, don ba ya aiki Lahadi. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya gaida Gwaggo da Fillanci, ta amsa, suka ɗan taɓa hira a kan amfanin gona. Sannan ya shiga banɗaki, ya tsaya, ya rufe ƙofa, ya buɗe, ya sake rufewa.

"Madam, wa ya sa maka wannan ƙofa?"

Na ce ni ce, Baba.

"Da silin?"

"Ni ce."

"Da fenti mai mai?"

Na ce duk ni ce. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ka ɗaure ɗaki kamar leda. Mutum ma in ka sa shi a leda zai yi gumi." Ya ce a can wajensu ko rumbu ba a ɗora shi a ƙasa, sai an sa duwatsu a ƙarƙashi iska ta dinga wucewa, in ba haka ba dawar shekara guda sai ta ruɓe kafin a ci rabi. Da tsohuwar ƙofar da tsohon rufin kwano, ɗakin yana shan iska ta sama da ta ƙasa ba tare da kowa ya sani ba. Ni na zo na toshe.

Na ce na yarda, amma me ya sa wuri ɗaya?

Ya hau kujerata, ya juya cokalin gininsa ya fara ƙwanƙwasa bango da ƙotar. Daga gefe ƙarar tana fita ƙal-ƙal. Da ya shiga cikin layin alli sai ta koma dum-dum, kamar ana buga kabewa. Ya fita, ya shiga, ya fita. Ni ma da ba magina ba na ji bambancin. Ya sauko ya ce in biyo shi. Muka fita ƙofar gida muka zagaya ta lungun da yake bayanmu, wani siririn lungu mai tsohuwar darbejiya, wanda na fi shekara ban bi ba. Ya nuna mini bangon daga waje. Filastar ta tsage, tsagar ta bi layi, ta yi kwana, ta sake bin layi. Daga sama kuma indararon ya karkace, bakinsa yana kallon daidai wurin. Duk ruwan da ya sauka a rufin ɗakin, a nan yake zuba. Ga shi ruwan Garwa daga gabas yake bugowa.

Ya sa bakin cokali a tsagar ya ɓalle ɗan ɓangare. Jar ƙasa ta zubo.

"Taga ce," in ji shi. "Bango na bulon siminti, amma nan tubalin ƙasa ne. Ƙasa tana shan ruwa tana riƙewa." Ya murza ƙasar a tafin hannu, ya leƙa ramin. "Ba magini ya yi wannan ba. Ko layi bai bi ba. Wanda ya toshe, da sauri ya yi. Ko da fushi."

Muka yi da shi zai dawo jibi. Na koma cikin gida. Gwaggo tana gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, la'asar ta kusa. Na zauna na ja kwaryar gabana na fara taya ta. Na ce, "Gwaggo, ashe taga ce."

Ta ce, "Uhm."

"Baba magini ya ce wanda ya toshe da fushi ya toshe."

Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu kafin ta yi magana. "Wannan mutumin ya san aikinsa," in ji ta. "Ubanki ne. Da hannunsa."

Na ci gaba da ɓarar gyaɗa, don na san halinta, in aka matsa mata sai ta rufe baki.

Ta ce lokacin ban fi shekara biyu ba. Aurenta na fari ya mutu, ta dawo gidan wanta tana zawarci. A duk gidan famfo ɗaya ne, na cikin banɗakin nan, saboda haka a can take wanki. Kayan gida duka ita take wankewa, don mahaifiyata tana fama da goyo. Wanki kuwa ba ya tafiya sai da waƙa. Ta san an hana magana a banɗaki, balle waƙa, amma ita a ganinta wurin wanka ne da wanki, masai yana can baya. Waƙoƙin Fillanci take yi, waɗanda ta koya a bakin masu tallar nono.

"A lungun nan, gindin darbejiya, akwai wani tela da yake kafa kekensa saboda inuwa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, tagar ta fi ni tsawo. Ƙarar keken kawai nake ji, kirrr, kirrr, tun safe. Wata rana ina cikin waƙa sai na ji shiru. Na ce ko zare ne ya tsinke. Na gama baiti na tsaya ina matse zane, sai na ji kirrr. Na sake ɗaukar waƙa, keke ya tsaya."

"Sai kika yi yaya?"

"Sai na gwada shi mana. In fara, in katse a tsakiya. In yi shiru har ya yi nisa da ɗinki, sannan in ɗauko. Ko sau ɗaya bai kuskure ba." Ta yi dariya har tana share ido da bakin mayafi. "Wata huɗu muna haka. Masu kaya suna ta zuwa suna masa faɗa bai gama musu ɗinki ba."

Ba su taɓa yin magana ba, ko kalma ɗaya. Amma lungu yana da ido. Wani ya je har rumfar mahaifina a kasuwa ya ce masa ƙanwarsa tana yi wa tela waƙa ta tagar banɗaki. Mahaifina mutum ne mai gudun abin faɗa. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo da fatauci, kuma gidanmu yana cikin gidajen da ake kallo a unguwa. Ya rufe rumfa da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba. Ya shigo bai ce wa kowa uffan ba, ya tuɓe babbar riga, ya rushe gefen garken awaki ya kwaso tubali, ya kwaɓa ƙasa. Kafin la'asar babu taga. Washegari ya sa aka shafe ciki da waje da siminti.

"Bai zage ni ba, bai tambaye ni ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na shiga wanki na ga duhu, na zauna a kan bokiti na yi kuka."

Bayan mako biyu sai ga dattawa uku a zaure da goro. Telan ne ya aiko. Mahaifina ya ce bai san asalinsa ba, mutumin Tibati ne, ba ɗan kasuwa ba. Suka tafi. Suka dawo, ya sake mayar da su. A karo na uku ya shigo cikin gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ya ce, "Kina son sa?" Ta ce, "Yaya, ban taɓa ganinsa ba." Ya ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba." Ta ce tana so.

Na san mutumin, don shi ne mijin nata da ya rasu a Tibati. Dogo ne, siriri, marar magana, mai tabarau ɗaure da zare. Duk lokacin da suka zo Garwa da salla sai ya auna mu da igiyar awo ya koma, bayan wata guda kaya su iso. Ban taɓa tunanin akwai wani labari a bayansa ba. Shekaru masu yawa suka yi tare a Tibati, yana ɗinki, ita tana sarin bandar kifi daga masuntan tafkin Mbakawu.

Na ce, "Baba bai taɓa ba ki haƙuri ba?"

"Ubanki? Sau ɗaya ya zo Tibati, bayan na haifi na biyu. Na dafa masa kifi, ya ci ya ƙoshi, yana wanke hannu sai ya ce, 'Kin san banɗakin nan ya yi duhu.' Na ce, 'Haka ne, Yaya.' Iyakarta ke nan." Ta tura mini kwaryar. "Ɓare, kin tsaya kina kallona."

Na tambaye ta ko ta yarda a buɗe. Ta ce da mai toshewar da wanda aka toshe dominsa duk suna ƙasa, Allah ya ji ƙansu, ita me zai dame ta. Sai dai a sa raga saboda sauro.

Aikin ya fi yadda na zata tsawo. Baba magini ya fasa tubalin ya kwashe, sai ga tsohon katakon tagar a ciki, gara ta cinye rabinsa. Haske ya faɗo a kan karo, na ga launinsa na gaskiya karon farko. Ya kankare fentin nan nawa mai tsada daga bango huɗun, ya sassaƙe filastar da ta sha ruwa har sai da ya kai busasshen bulo, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ni ma ya sa na ɗaure. Sannan ya tattara kayansa ya ce sai bayan mako uku. Na ce haba Baba, a haka za ka bar mu? Ya ce, "In na rufe yanzu, na rufe ruwa a ciki. Bari rana ya yi nasa aiki, ba a biyansa."

Da ya dawo ya yi sabuwar filasta, ya jera bulo mai huji-huji a gurbin tagar, ya sa raga ta ciki. Ya miƙar da indararo ya ƙara masa tsawo har ya wuce bango. Ya sa mai walda ya yanke ƙasan ƙofar ƙarfen ya jera mata siraran ƙarafa masu shigar da iska. Maimakon fenti ya shafa farar ƙasa, ya ce ita tana barin bango ya yi numfashi, funfuna kuma ba ta son ta. Banɗakin ya daina kama da na otel. Ya fi kama da ajin makarantarmu.

Sauran aikin nawa ne. In an gama wanka a ja ruwan ƙasa zuwa rariya, a bar ƙofa a buɗe. Ba a barin jiƙaƙƙen tawul ko tsumma a ciki. Ranar Asabar ina bin tsakanin karo da tsohon buroshin haƙori da ruwan kal, wato binega, shi kaɗai, ba haɗi. Jarkar asid kuwa na ba magini ya tafi da ita.

Damina ta zagayo, kogin Binuwai ya cika har ya hau gonakin bakinsa, aka yi ruwa kwana uku a jere. Kullum sai na ɗora tafin hannu a bangon gabas in ji shi a bushe. Sau ɗaya na ga 'yan ɗigo a bayan babban bokiti, inda yara suka matsa shi ya manne da bango. Na goge, na ja bokitin gaba, ba su dawo ba.

Abin da ban zata ba shi ne na Gwaggo. Tun da ta dawo Garwa ba ta taɓa komawa Tibati ba, ko an yi biki ko rasuwa sai ta ce ƙafa. A tsakiyar wannan daminar ta tashi wata safiya ta ce in je in yankar mata tikiti. Na ce hanya ba kyau, ta ce ta san hanyar tun ba a haife ni ba. Na raka ta tasha, na haɗa ta da wata mata mai zuwa can. Ta ce mako biyu za ta yi. Sai da ta yi wata biyu da kwana goma. Ta dawo ta yi baƙi, ta rame kaɗan, bakinta cike da labarin jikoki da na matan da suka yi sarin kifi tare, wace ta mutu, wace ta makance, wace har yanzu take rigima a bakin ruwa. Ta zo da kwando biyu na banda. Tun kafin ta cire mayafi ta sa na shimfiɗa tabarma a rana, muka baje kifin, ta zauna tana warewa kashi-kashi. Wannan na maƙwabta, wannan na ƙawata ta lise, wannan babban kuma a ajiye wa magini sai ya sauko daga dutse.